An Sauya Gaskit, Yoyo Bai Tsaya Ba: Nazarin Aiki a Kan Tsohon Injin V6

Motar Toyota Camry ce ƙirar 1999, mai injin V6 ɗin nan (silinda shida a layi biyu) da ake kira 1MZ-FE, lita 3, bawul 24, kamshaf biyu a kan kowane kai. Ta haura kilomita 300,000, amma ba ta hayaƙi ta salansa, ba ta zafi, ba ta shan ruwa. Ƙorafin mai ita uku ne. Da ya tsaya a danja ko cikin cunkoso, sai ƙaurin ƙonannen mai ya shigo masa ta ramukan iska. Geji na nuna baƙin mai yana raguwa tun kafin lokacin juye ya yi, sai ya yi ta ƙari. Na ukun shi ne ya tayar masa da hankali: injin ya fara karkarwa a silo, in ya taka totur a hawa motar ta riƙa fizga, fitilar gargaɗin inji kuma ta kama.

Abin da ya sa aikin ya cancanci a rubuta shi shi ne, ba a fi 'yan watanni da sauya wa motar gaskit ɗin murfin bawul a wani garejin ba. Yoyon ya lafa na ɗan lokaci, ya dawo. Da mai motar ya koma, aka ƙara ɗaure notocin, aka lafta gam a gefen murfin ta waje, aka sauya koyil ɗaya saboda karkarwar. Ba ta canza zani ba. Da ya iso wurinmu maganarsa ɗaya ce: "Malam, gaskit ɗin da suka sa min jabu ne. Ku sa min na asali kawai, a wuce wurin."

Yana iya yiwuwa jabun ne, ai ana samu. Sai dai roba, ko ta asali ce, ba ita kaɗai ke riƙe mai ba. Tana bukatar abin da zai danne ta daidai wa daida, tana bukatar fuska mai tsabta da za ta zauna a kai, tana kuma bukatar kada iskar cikin inji ta riƙa turo ta daga ciki. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓaci, ko sau nawa aka sauya ta sai man ya sami hanya. Don haka muka roƙe shi ya ba mu dama mu duba kafin mu ɗauki sifana.

Neman bakin yoyon

Masu mota da yawa suna jin an ce gaskit sai gabansu ya faɗi, don suna zaton na kan silinda ake nufi, wanda in ya ƙone ruwa ke haɗuwa da mai kuma sai an sauke kan inji. Wannan daban ne. Murfin bawul shi ne na can sama, wanda ya rufe kamshaf da bawuloli, gaskit ɗinsa kuma zagayayyiyar roba ce da ke kwance a cikin wani kwari a bakin murfin. Man da ke ƙarƙashinsa fantsama yake yi ya koma ƙasa ta ramukan da aka tanada, ba ƙarfin famfon mai ne a bayansa ba. Shi ya sa yoyonsa naso ne da ɗiga. In ka ga mai na zuba ba ƙaƙƙautawa, ka duba wurin filta ko na'urar gejin ƙarfin mai tukuna.

Ƙasan motar nan ya yi dumu-dumu, tun daga kaskon mai har mahaɗar inji da giya. Wanda ya leƙa ta ƙasa zai rantse sil ɗin bayan kiranshaf ne ya tafi, aikin da sai an sauke giya. Amma yoyon inji kamar yoyon rufin ɗaki ne, inda ruwa ke ɗiga da wuya ya zama inda ya shigo. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar hanya kuma tana kora shi baya. Abin nema shi ne wuri mafi tsayi da ya jiƙe.

Muka wanke injin tas da maganin cire maiƙo, bayan an rufe altaneta da mahaɗan waya, muka busar, aka ɗan zaga da motar har ta yi zafi, sannan muka dawo da tocila da ƙaramin madubi. Murfin gaba yana naso a kusurwarsa ta wajen tayimin bel. Murfin baya, wanda ke jingine da bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, ya jiƙe a duk tsawon gefensa na ƙasa, man na gangarowa kai tsaye kan manifol ɗin salansa. Daga nan ƙaurin ke tasowa. Mahaɗar giya kuwa ta tsaya a bushe, wato abin da ke wurin tun farko na sama ne ya gangaro. Mun kuma ga wani ɗigo mai ɗan ja a tiyon famfon sitiyari, wanda a wannan injin yake ta baya shi ma. Man sitiyarin motar irin man giyar otomatik ne, launinsa ya bambanta shi da baƙin mai. Da ba a wanke ba, da an haɗa su duka an kira su abu ɗaya.

Ba mamaki murfin baya ya fi lalacewa. A injin V6 da aka kwantar a gicciye, layin baya ba ya samun iska sosai, salansa na ƙarƙashinsa, kuma karkatarsa na sa man ya taru a kan gefen gaskit na ƙasa.

Karkarwar

Na'urar duba mota ta nuna P0303, ma'ana silinda ta 3 tana tsallake wuta. A wannan injin silinda 1, 3, 5 suna layin baya, 2, 4, 6 suna gaba. Camry ta wannan shekarar koyil uku gare ta, duk a kan fulogan gaba, kowanne kuma yana aika wuta ta waya zuwa abokiyarsa ta baya. Koyil ɗin da ke kan silinda ta 6 shi ne ke ba ta 3 wuta. Shi aka sauya a garejin farko, kuma tunanin ba laifi. Sai dai da koyil ɗin ne ya mutu, da wuya ta 6 ta zauna lafiya ta 3 kaɗai ta yi ta kuka.

Da ƙyar hannu ya kai ga wayar ta 3 ta ƙarƙashin babban manifol ɗin iska. Da aka zaro ta, kan robarta ya fito yana naso, ya kumbura ya yi laushi, ga wani siririn layi baƙi a jikinsa inda wuta ta riƙa tsallakewa zuwa ƙarfe maimakon ta bi fulogi. Ramin fulogin ya tara mai. Wannan ba aikin gaskit ɗin gefe ba ne. Kowane fulogi yana zaune a cikin bututun ƙarfe da ya ratsa murfin, a bakin bututun kuma akwai sil zagayayye da ke hana man kamshaf shiga. Tun daga nan muka fara zargin ba a taɓa sil-sil ɗin ba a aikin da ya gabata.

Mun gaya wa mai motar cewa wannan ne ya fi gaggawa. Silindar da ba ta ƙona fetur tana tura shi ɗanye cikin salansa, can ya ƙone a cikin katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, ya narkar da shi. Idan fitilar gargaɗi ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa a kunne, abin da take faɗa ke nan.

Numfashin inji

Kafin a kwance komai akwai gwaji ɗaya da ba ya cin lokaci. Injin na silo, muka buɗe murfin zuba mai, muka ɗora 'yar takarda a bakin. A injin da ke numfashi daidai, takardar tana ɗan mannewa ko ta zauna shiru. Wannan tasowa ta riƙa yi, ana jin hucin iska mai ɗumi a tafin hannu.

Duk inji, ko sabo ne, wani kaso na iskar ƙonewa yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya shiga cikin ɗakin kiranshaf. Dole a fitar da ita. A da ta wani bututu ake sakin ta waje, har jihar Kaliforniya ta Amurka ta wajabta tsarin PCV a 1961, wanda ke mayar da iskar cikin manifol ta sake ƙonewa, daga baya kuma ya game duniya. Zuciyar tsarin ɗan ƙaramin bawul ne, a wannan injin yana kafe a murfin baya. In ya toshe, iskar ba ta da mafita sai ta nemi wuri mafi rauni, kuma a tsohon inji wurare masu rauni su ne gaskit da sil.

Muka zare tiyon daga kan bawul ɗin, tiyon na zuƙa da ƙarfi, wato laifin ba nasa ba ne. Bawul ɗin kuwa da aka girgiza shi ko motsi. Mai lafiya ana jin ɗan ƙarfen cikinsa yana kaɗawa. Muka gwada sabo, hucin ya ragu amma bai ɗauke ba. Abu biyu ke iya jawo haka: ko ringi sun gaji suna sakin iskar da ta fi ƙarfin tsarin, ko hanyar iskar da ke cikin murfin kanta ta cushe. Sai an buɗe za a sani.

Kwancewa

Murfin gaba ba shi da wani labari, a cire koyil, a matsar da waya, a kwance notoci masu kai 10. Na baya ne ke cin rai, don sai an ɗage babban manifol ɗin iska gaba ɗaya. An bar injin ya huce, an cire kan batir mara wuta, an ɗauki hoton kowane tiyo da mahaɗar waya kafin a taɓa shi. Mazaunin totur mun kwance shi mun jingine gefe da tiyoyin ruwansa a jiki, don kada a zubar da ruwan lagireto ba dalili. Sai bututun EGR mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin manifol, wayoyin at da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, da ƙarafan da suka tallafi manifol ɗin ta baya, waɗanda ido ba ya gani sai laluben hannu. Wanda bai san da su ba zai kwance na gaba duka ya yi ta ja, yana mamakin abin da ya riƙe.

Da manifol ya tashi, nan take aka toshe ramukan iska shida da tsumma mai tsabta. Washa ɗaya da ta faɗa cikinsu ta isa ta mayar da wannan aiki na sauke kan inji. An zuƙe man da ke ramukan fulogi kafin a kwance fulogan, aka hure ƙura da yashin da suka taru a gefen murfin kafin a ɗaga shi. Robobin wayoyi a irin wannan shekaru sun bushe, taɓawa kaɗan su karye, don haka a hankali aka bi su.

Murfin ya manne saboda gam. Yaron da ke taya ni ya miƙa hannu ga sukundireba, na ce ya ajiye. Kai da murfin duk alminiyum ne, tabo ɗaya a kan fuskar da gaskit ke zama ya zama hanyar mai ta dindindin. Gudumar roba, bugu kaɗan-kaɗan a kusurwoyi, ya saki.

Abin da aka tarar

Gaskit ɗin da mai motar ke zargi yana nan da laushinsa, bai tsage ba, bai fita daga kwarinsa ba. In aka lanƙwasa shi yana komawa yadda yake. Tsohon gaskit da zafi ya cinye ba haka yake ba, ƙandarewa yake yi ya baje, in ka ja shi ya karye gutsi-gutsi. Ba robar ce ta gaza ba.

Sil-sil ɗin bututun fulogi kuwa, ga dukkan alamu tun na masana'anta ne. Sun yi tauri, na silinda ta 3 ya tsage a leɓe. Sau da yawa ana sayar da gaskit ɗin gefe shi kaɗai, sil-sil ɗin daban, mai gaggawa kuma sai ya ce ai waɗannan ba su fara ba tukuna.

Gam an shafa shi a duk zagayen, sama da ƙasan robar, har ya tumbatso ta ciki ya yi zare-zare yana reto a kan kamshaf. Amma a kusurwoyin da ake bukatarsa da gaske, inda mariƙin kamshaf ya haɗu da fuskar kai, tsohon gam na asali yana nan a ƙandare ba a kankare shi ba, an ɗora sabo a kansa. Robar ta hau kan tudu, gefe da gefen tudun kuma ga 'yar kafa.

Hanyar iskar da ke cikin murfin baya, a ƙarƙashin farantin da ke tare feshin mai, ta cushe da baƙin datti mai tauri. Amsar gwajin takarda ke nan. Injinan Toyota na wancan zamanin sun yi suna wajen tara daskararren mai in aka yi sakaci da juye, har kamfanin ya tsawaita garanti a kan lamarin a 2002 ga motocin da suka haɗa da masu wannan injin. Shi ya sa muka duba kan da kyau. An yi sa'a, kamshaf da kewayensa launin ruwan zuma kawai suka yi, ramukan komawar mai a buɗe. Dattin ya tsaya a murfi.

Sai notocin, kuma a nan gizo ke saƙar. Tun kafin a kwance su na lura da wani abu: notin a ɗaure yake tam, sifana ba ta ƙara juya shi, amma washar da ke ƙarƙashin kansa tana juyawa da ɗan yatsa. Da aka ajiye tsoho kusa da sabo a kan tebur abin ya fito fili. Notin yana da kafaɗa. Tiredinsa gajere ne, daga nan sai wuya mai kauri wanda ke sauka ya dafe a kan kai ya tsaya cak. Ba kan notin ne ke danne murfin kai tsaye ba, washa ce mai kauri da aka yi ta don ta matse ta riƙa turawa. Ta sabon notin tana da tsayinta. Ta tsohon ta baje, ta koma fayau. Ma'ana notin ya kai ƙarshen tafiyarsa, murfin kuma yana zaune sakwa-sakwa a kan robar. Duk ƙarin ɗaurin da aka yi a karo na biyu ƙarfe ne ake matsawa a kan ƙarfe, ko kaɗan bai isa ga gaskit ba. Da an ƙara ƙarfi kaɗan, da noti ya karye ko tiredin cikin alminiyum ya cinye.

Masu ƙira sun yi hakan da gangan, don kada wani ya murƙushe robar da ƙarfin hannu. Amma tsarin ya dogara da washar, ita kuma tana tsufa tare da gaskit ɗin. Wasu kanikawa suna ƙara siririyar washa ta ƙarfe a kan kowane noti don cike gurbin. Yana aiki, muddin kaurinsu ɗaya ne kuma an sa wa duka. Ni dai na fi son sabbin notoci in ana samu, don da ƙarin washa kana kintace ne, ba ka san iya nauyin da ka ɗora wa robar ba. Sabbi muka sa.

A injinan da suka girmi wannan, masu murfin ƙarfe falle da gaskit ɗin ɓawon itace mai laushi (cork), ciwon kishiyar wannan ne. Notocinsu ba su da kafaɗa, sai a yi ta ɗaurewa har bakin murfin ya lotsa a kewayen kowane rami, ya riƙa matsewa a wurin noti kaɗai yana barin tsakani. Maganinsu a kifa murfin a kan wuri miƙaƙƙe a daddaki ramukan su dawo daidai kafin a sa sabon gaskit. Murfin roba na motocin baya-bayan nan kuma karkacewa yake yi ko ya tsage, sai dai a sauya shi ɗungurungum.

In aka tambaye ni wanne ne babban mai laifi, zan ce notocin, don su kaɗai sun isa su bayyana nason murfin gaba. Toshewar numfashi ta ƙara wa abin gudu, kusurwoyin da ba a kankare ba suka nuna wa man ƙofa.

Haɗawa

Rabin aikin wanki ne. An jiƙa murafan biyu an wanke hanyar iskar har ruwan wanki ya riƙa ratsawa ba tangarɗa, aka busar sarai. Fuskar kai da abin kankara na roba aka bi ta, tsumma a gefen ciki yana tare duk abin da ya ɓantare, sannan aka goge da maganin wanke birki a jikin tsumma har yatsa ya daina jin santsi. Gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo, ko kaɗan ne.

Robar da bawul ɗin PCV ke zama a ciki ta ƙandare, da aka taɓa ta sai ta farfashe. Shi ya sa ya fi kyau a sauya ta murfin na ƙasa, in ba haka ba gutsattsarin cikin inji za su faɗa. Sil-sil ɗin fulogi akwai 'yan kunnuwan ƙarfe da ke tare su ta cikin murfin. A ɗaga kunnen, a lura da fuskar da tsohon ke kallo kafin a fitar da shi, a buga sabon da soket mai faɗinsa har ya zauna daidai, a mayar da kunnen, a shafa ɗan giris a leɓen. Wanda aka sa a juye zai shiga lafiya lau, ya yi yoyo tun ranar farko. Toshe-toshen nan masu siffar rabin wata da ke gefen kai su ma mun ciro su, mun kankare, mun mayar da sabon gam, tunda ba kullum ake samun wurin a buɗe ba.

Batun gam yana bukatar a tsaya a kansa, don nan hannu ya fi saurin zarcewa. Gaskit ɗin roba da ke zama cikin kwari a bushe ake sa shi. Gam ɗigo ne kawai a wuraren da robar ba za ta iya bi ba: kusurwoyin da ta hau mariƙin kamshaf ta sauko, da mahaɗar rabin watan da fuskar kai. In aka shafe ta duka, sai ta yi santsi ta zame daga mazauninta lokacin ɗauri, rarar da ta tumbatsa ciki kuma wata rana ta ɓalle ta gangara kaskon mai ta liƙe a ragar famfo. Yoyon gaskit ba ya kashe inji muddin ana duba geji. Toshewar ragar famfo tana kashewa. Kuma ba kowane silikon ba ne na inji. Mai warin tsami ɗin nan na aikin gini da gilashi ba na nan ba ne. A nemi wanda aka rubuta yana jure mai kuma ba ya cutar da na'urar auna iskar salansa.

Da yake gam yana fara yin fata cikin 'yan mintuna, mun gwada shigar da murfin baya a bushe tukuna, muka gane ta inda zai bi ya wuce damin wayoyi ba tare da ya goga ba. Sannan aka ɗiga gam, aka sauke shi miƙe a kan bututun fulogi uku lokaci guda. Kafin a sa noti ko ɗaya, madubi da tocila suka zaga bayan murfin kaf. A nan ne gaskit ke faɗowa daga kwarinsa ba wanda ya gani, a ɗaure a kansa, a haɗa komai, sai an tayar da mota a ga mai na malala.

Notocin da hannu aka fara shigar da su duka, sannan aka bi su daga tsakiya zuwa waje, wannan gefe da wancan, zagaye bayan zagaye. Awon ƙarfin ɗauri da littafin gyara ya bayar 7.8 N·m ne, wato inci-fam 69. A kula da wannan. Littattafan Amurka suna rubuta ƙananan notoci da inci-fam, manya da ƙafa-fam, kuma ƙafa-fam ɗaya inci-fam 12 ne. Wanda ya saita sifanar awonsa a ƙafa-fam 69 ya nufi kusan 94 N·m a kan noti mai kaurin milimita 6, ba zai ma kai ba zai ji ya tsinke. Babbar sifanar awo ta taya ba ta jin ƙaramin awo irin wannan, sai ƙarama.

Tunda hanya a buɗe take, an sa sabbin fulogai irin masu ƙafa biyu da tsarin wutar motar ke so, a 18 N·m, da sabbin wayoyin layin baya. Robar da ta sha mai ta kumbura ba ta dawowa, ko an wanke. Manifol ya koma da sabon gaskit a 43 N·m, bayan an ƙirga tsummokaran da aka ciro an tabbatar shida ne. An bar gam ya bushe iya lokacin da aka rubuta a jikinsa, aka juye mai da filta saboda duk wani datti da ya kuɓuce ciki.

Mai motar ya tambaya ko za a zuba maganin wanke cikin inji, da kuma wanda ake cewa yana tsayar da yoyo. Mun ba shi shawarar ya bar duka biyun. Na farkon a tsohon inji yana iya ɓamɓaro datti da yawa lokaci guda ya kai shi ragar famfo. Na biyun kumbura roba yake yi, ba ya gyara wadda ta tsage, kuma yanzu babu abin da zai yi. Juye a kan kari da mai mai kyau ya wadatar.

Bayan aiki

Da aka tayar, silo ya zauna daidai, ba ƙarar shan iska ta gefen manifol. Hayaƙi ya ɗan tashi ta baya na wani lokaci, ragowar man da ya jiƙa salansa ne ke ƙonewa, kuma mun riga mun gaya masa zai gani don kada ya ce aikin bai yi ba. Takardar da aka ɗora a bakin zuba mai ta manne. Wannan ya wanke ringi daga babban zargi. An goge P0303, bai dawo ba.

Da ya kawo ta dubawa bayan ya yi tafiye-tafiyensa, gefen murafan biyu a bushe, ramukan fulogi a bushe, ƙauri ya ɗauke. Ba mu sake taɓa notocin ba, masu kafaɗa ba a bin su da ƙarin ɗauri. Man yana ɗan raguwa har yanzu, ƙasa sosai da da, abin da ba baƙo ba ne ga injin da ya yi wannan tafiya, kuma mun ce ya riƙa duba geji yana rubuta abin da ya ƙara don a san ko yana ƙaruwa.

Abu biyu aka bari da saninsa. Tiyon famfon sitiyari yana nan yana ɗiga, kuma da yake kusa da salansa yake, shi ne na gaba a layi. Sannan da muka buɗe murfin sama na tayimin bel mun ga ɗan danshi a sil ɗin kamshaf na baya, bai kai ga bel ɗin ba. Sauya shi sai an cire bel, don haka aka ajiye shi zuwa lokacin sauya bel ɗin, a haɗa da famfon ruwa da sil ɗin gaban kiranshaf a yi su a buɗewa ɗaya.